Sashen kemo da ya yi jinyar Yayana: abin da suka iya, da abin da suka bar mana

Tun da Yayana ya fara samun sauƙi daga kansar baki mutane ke tare ni, a ƙofar masallaci, a ɗakin malamai, har a wajen ɗaurin aure, suna tambaya ko su kai nasu mara lafiyar inda muka kai shi. Amsata kullum ita ce ku kai. Sai dai akwai sauran magana, kuma ba ta faɗuwa a tsaye. Sashen kemo ne, wato inda ake ba da maganin kansa ta jijiya, a wani asibitin koyarwa na gwamnati a nan Arewa. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da ke bakina akwai yabo akwai ƙorafi.

Yaya direban babbar mota ne, shekararsa hamsin da 'yan kai, rabin rayuwarsa a hanyar Kano zuwa Legas ya yi ta. Yana shan sigari, kuma idan barci ya matsa masa da dare sai ya danna garin taba da kanwa a kumatunsa na hagu. Daidai wannan gurbin ciwon ya fito. Da fari wani farin tabo ne da ba ya gogewa, daga baya ya zama miki mai taurin baki. Mai kemis ya ba shi maganin kurkure, wani ya cire masa haƙori, sannan mai maganin gargajiya ya duba ya ce daji ne, kada a kuskura ƙarfe ko allura ta taɓa shi. Watanni suka tafi a haka. Ranar da ya yarda muka je asibiti bakinsa ba ya buɗuwa ya wuce faɗin yatsu biyu, ga wata kaluluwa mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙi wadda ba ta ciwo. Rashin ciwon ne ma ya sa ya raina ta. Duk mikin baki da ya haura mako uku bai warke ba, likita ya kamata ya gan shi, ba mai kemis ba.

An yanki ɗan nama an kai gwaji, an ɗauki hoton kai da wuya da ƙirji. Sakamakon naman ya ja mu makonni, kuma babu wanda zai kira ka idan ya fito, kai ne za ka yi ta sintiri. Ya nuna kansar fatar cikin baki ce, irin wadda ita ce kusan tara cikin goma na kansar baki.

Zaman da muka yi da babban likitan sashen shi ne abu na farko da zan yaba, kuma da a ce nan kaɗai zan auna su, da sun cinye maki duka. Ya sa aka ba Yaya kujera, ya yi masa magana da Hausa yana kallonsa shi, ba ni mai riƙe da fayil ba. Ya ce, "Malam, maganin wannan ciwon na asali tiyata ce. Amma yadda ya shiga baya yanzu, likitan tiyata ba zai iya zagaye shi ya cire duka ba. Za mu ba ka magani kala uku ta jijiya don ya ja da baya. Idan ya ja, sai a yi aiki, sannan a yi gashi da na'ura. Ruwan nan shi kaɗai ba zai warkar da kai ba." Yaya ya tambaye shi batun allura da daji. Bai yi dariya ba, bai kuma zagi masu maganin gargajiya ba. Cewa ya yi abin da ke sa ciwon yaɗuwa jinkiri ne, kuma yawancin waɗanda ake cewa allura ta kashe su, sai da ciwon ya gama cin jikinsu aka kawo su.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, saboda haka da na koma gida na bi diddigin maganarsa, na kuma tarar gaskiya ya faɗa. Haɗin da aka rubuta wa Yaya ana kiransa TPF: dosetaksel, sisplatin da 5-FU. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2007, TAX 323 da TAX 324, su suka nuna cewa ƙara dosetaksel a kan tsohon haɗin nan na magani biyu ya fi amfani ga kansar kai da wuya da ta yi nisa. Amma a kansar cikin baki kanta, gwajin da aka yi a Shanghai aka wallafa a 2013 bai nuna cewa ba da TPF kafin tiyata yana ƙara tsawon rai ga wanda dama za a iya yi masa aiki kai tsaye ba. Inda yake da amfani shi ne irin halin Yaya, ciwon da ya ɗan fi ƙarfin wuƙa ana so a dawo da shi. Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai ya daɗe yana bin wannan hanya, kuma su ne masu ganin ciwon da yawa, tun da cikin kusan mutum 390,000 da aka ƙiyasta sun kamu da kansar leɓe da baki a duniya a 2022, wajen kashi ɗaya cikin uku a Indiya suke, saboda taunar taba da ƙwallon areka, wani ɗan itace da suke taunawa kamar goro. Duk wanda ya ce muku zai narkar da kansar baki da ƙarin ruwa kawai, ba aiki ba gashi, ku riƙe kuɗinku.

Dalilin haɗa uku kuwa, kowanne ta wata kafa yake kama ƙwayar ciwon. Sisplatin, wanda aka yi da ƙarfen platinam kuma ake amfani da shi tun 1978, yana ɗaure zaren halittar ƙwayar ta kasa kwafar kanta. 5-FU ya girme shi, tun 1957 yake, yana shiga a matsayin kayan gini na bogi ya tsayar da aikin. Dosetaksel, da aka samo asalinsa daga ganyen wata bishiyar Turai, yana daskarar da ƙwayar a daidai lokacin rabuwarta biyu. Wadda ta tsere wa ɗaya, da wuya ta tsere wa ukun. Amma jiki ma duka uku yake sha, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Kowane zagaye mako uku ne. Kafin a sa masa komai sai an ɗebi jini an duba yawansa, da fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, da aikin ƙoda da hanta. A farkon farawa har da gwajin ciwon hanta da na HIV. Abin da ya burge ni shi ne ba sa ɗaga ƙafa a nan. Na ga an mayar da wani bawan Allah da ya taho daga nesa saboda fararen ƙwayoyinsa ba su kai 1,500 ba, yana roƙo, ɗansa yana faɗin kuɗin motar da suka kashe, sista ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, idan na sa maka yau ni ce na cuce ka." A lokacin na ji tausayinsu har raina ya ɓaci. Daga baya na gane ita ce mai tausayin. Haka kuma kowane zuwa sai an ɗora Yaya a kan sikeli, domin da tsawo da nauyi ake lissafa yawan maganin, kuma da ya rame an rage lissafin, ba a kwafi na baya ba.

Ranar farko doguwa ce. Tun jajibirinta yake fara shan deksametason saboda dosetaksel, wanda kan kumbura jiki ko ya tayar da borin jini. Da safe a sa kanula, wato 'yar robar da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa, a ba da allurar hana amai, dosetaksel ya shiga cikin awa guda. Sai ledojin ruwan gishiri kafin sisplatin da bayansa, da gorar auna fitsari a gefen gado, domin wannan maganin ƙoda yake nema, kuma ruwa ne kaɗai garkuwarta. Sannan a ɗaura 5-FU, wanda ke ɗiga dare da rana har kwana biyar. A ƙasashen da suka wadata ana dasa wa mutum wata 'yar mashiga a ƙirji a ba shi ƙaramin famfo ya tafi gida. A nan kwanciya ce, leda bayan leda ta jijiyar hannu, har jijiyoyin suka yi baƙi suka fito raɗau kamar an zana su da tawada.

Ma'aikatan jinyar nan sun san hannunsu. Mutum biyu ke karanta suna da adadin magani kafin a rataya leda. Suna sa safar hannu da riga ta musamman wajen haɗawa. Ba sa yarda da tsohuwar kanula, kuma sun ja wa Yaya kunne cewa da zarar ya ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar ya yi magana nan take, kada ya yi ta-maza, saboda idan maganin ya zuba a ƙarƙashin fata yana cin nama. Matsalar ita ce sun yi kaɗan. Da dare mutum biyu ne a kan ɗaki guda cike da gadaje, don haka lura da ɗigar ruwa ta koma kan mai jinya. Idan ledar da ya kamata ta kwana ta wuni ta zube cikin 'yan awanni, to ba haka aka tsara maganin ba. Na koyi ƙirga ɗigo da agogon waya. Wurin kwanan mai jinya tabarma ce a baranda, banɗaki kuwa gara kada in fara. Ku tafi da gidan sauro, da bokiti, da fitila mai caji.

Sayen magani wani aiki ne mai zaman kansa. Layin biya daban, layin karɓa daban, kuma sau da yawa sai ka kai gaban taga a ce biyu akwai, ɗaya ya yanke, ka nemo a waje. Idan akwai a ciki ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman waɗanda ke shigowa ta shirin rangwamen magungunan kansa da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2019 tare da Clinton Health Access Initiative da American Cancer Society. Ku tambaya da bakinku ko asibitinku na ciki, ba lallai a gaya muku ba. Asusun tallafin masu kansa da aka fara a 2021 kuwa da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya soma, saboda haka mu aljihu muka dafa. Zagaye ɗaya, idan aka haɗa gwaji da gado da magani, ya haura albashina na wata. Abokan aikinsa na tasha sun yi karo-karo, matarsa ta sayar da tumakinta, Allah Ya saka musu. Idan dole ta sa ku saya a waje, ku sa mai harhaɗa magani na asibitin ya nuna muku shagon da ya yarda da shi, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku kuma kawo masa kwalbar ya gani kafin a fasa.

Yanzu ga babban ƙorafina. Ranar sallama aka miƙo mana takardar magunguna da ranar dawowa. Muna bakin ƙofa wani ƙaramin likita ya ce, "Idan ya yi zazzaɓi ku dawo," ya juya ga na gaba. Shi ke nan. Babu lambar waya, babu takarda ko da shafi ɗaya da Hausa, boko ko ajami, da za ta ce ga abin da za ku gani, ga wanda za ku jure, ga wanda za ku taso ko da tsakar dare ne. Alhali haɗarin wannan magani ba a kan gadon asibiti yake ba. Yana zuwa ne tsakanin rana ta 7 da ta 14, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa warwas, mutum yana gida, ba nas ba likita.

Haka ta faru da mu a zagayen farko. Bakinsa ya fashe da ƙuraje saboda 5-FU, ga gudawa, sai wani dare jikinsa ya ɗauki zafi da rawar ɗari. Duk wanda ke gidan ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. A garinmu wannan ita ce fassarar kowane zazzaɓi, kuma sau da yawa daidai ce. Amma ga wanda ke tsakiyar kemo, zafin jiki da ya kai digiri 38 maganar gaggawa ce, ƙa'ida ma ita ce a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isarsa asibiti, farasitamol kuwa rufe alamar kawai yake yi. Ba a sashen na ji wannan ba. Wata baiwar Allah daga wajen Maraɗi, da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu, ita ta ce min tun muna baranda, "Malam, ka sayi abin auna zafi kafin ku tafi, kada ka yarda da tafin hannu." Na auna, ya haura 38, muka nemi mota.

A sashen gaggawa aka ce sai an nemo fayil, ɗakin fayil kuma a rufe. Muka zauna a benci cikin masu tari da masu haɗari, mutumin da ba shi da garkuwar jiki. Wata matashiyar likita ce ta hango jijiyoyin hannunsa, ta tambayi yaushe aka yi masa kemo, ta sa aka shigar da shi ba tare da fayil ba. An gwada cizon sauron ma, babu. Ya yi kwanaki a kwance. Katin da bai fi girman na shaidar ɗan ƙasa ba, mai ɗauke da sunan maganin da ranar da aka sa shi, da ya rage mana wannan zaman. Ba kuɗi ne ya hana su yi ba, rashin wanda ya ɗauki abin a matsayin aikinsa ne. Daga zagaye na biyu aka ƙara masa allurar filgirastim mai tayar da fararen ƙwayoyi, aka ɗan rage 5-FU. Allurar firji take so, ba ta son ƙanƙara kuma ba ta son zafi, mu kuwa wuta sai an ga dama, don haka a firjin sola na wani maƙwabci ta zauna.

Abinci ma haka aka bar mu da shi. "Ya ci abinci mai gina jiki," in ji su, ga mutumin da ruwa ma yanka masa baki yake. Ban taɓa ganin masanin abinci ya leƙo ɗakin ba. Matar Yaya ce ta gano hanya da kanta: kunun gyaɗa mai kauri da madara, an bar shi ya huce, alale mai laushi da ƙwai, faten dankali da aka tace, ayaba da aka dama, romon kaza ba yaji ko kaɗan, kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuni. Kunun tsamiya da lemo da zoɓo duk sun fita, tsaminsu wuta ne a kan miki. Nonon da ba a dafa ba ma mun ajiye shi a kwanakin da garkuwa ke ƙasa. Asuwaki ya koma burushin yara mai laushi, da kurkure baki da ruwan ɗumi, ɗan gishiri da bakar hoda ta yin burodi, ba kanwa ba. Da ciwon bakin ya tsananta sun rubuta masa mofin na ruwa, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, kuma na yaba da ba su tsaya jan rai ba. Wani abin da suka faɗa da babbar murya, na kuma gode, shi ne kada ya sha diklofenak ko ibuprofen ko wani jiƙo, saboda ƙodar da sisplatin ke wahalarwa. Azumi ya riske mu a tsakiya, likita ya ce ba zai yi ba, yana buƙatar ruwa lita biyu zuwa uku a wuni. Sai da limamin unguwarmu ya zo da kansa ya karanta masa rangwamen mara lafiya kafin ya saki.

Sumarsa da gemunsa sun zube tun a zagayen farko, wannan bai dame shi ba, hula ya ja. Wanda ya dame shi ƙarar da ta zauna masa a kunne. Sisplatin na taɓa ji, wani lokaci ba ya dawowa, kuma babu wanda ya auna jinsa kafin a fara ko ya tambaye shi daga baya, sai da ni na ɗago maganar. Ga direban da ke gane lafiyar inji da kunne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. "Auta," ya ce min, "ko an kashe mota ina jin tana aiki." Har yau da saura.

Shin maganin ya yi aiki? Ya yi abin da aka ce zai yi. Bayan zagaye na biyu kaluluwar ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, warin bakin ya ɗauke, yatsu uku suna shiga, ya ci tuwo mai laushi. Nan wata fitinar ta taso, domin dangi suka ce ai ya warke, me za a je a yanka masa fuska? Shi kansa ya fara zancen komawa mota. Babban likitan nan ya sake zaunar da mu, har da kawunmu, ya ce abin da ido ke gani ne ya ragu, saiwar tana nan, kuma idan aka bar ta za ta dawo cikin watanni ta fi da ƙarfi. Ya ce ya ga irin haka ba sau ɗaya ba. Kawu ya ce, "Likita, mun ji, a yi abin da ya dace." Aka yi aikin, aka cire ɓangaren kumatu da gefen ƙashin muƙamuƙi da kaluluwar wuya.

Ba kowa suke ɗora wa haɗin ukun nan ba, kuma wannan ya ƙara min yarda da su. Wani dattijo da ƙodarsa ta yi rauni kaboplatin da faklitaksel aka ba shi. Mijin matar nan ta Maraɗi, da nasa ya riga ya kai huhu, ba su sa ta sayar da gona ba. Sun gaya mata gaskiya, suka ɗora shi a kan ƙwayoyin sha masu araha, metotireksat sau ɗaya a mako da selekoksib kullum, tsarin da likitocin Tata suka gwada suka wallafa a 2020, ga kuma maganin ciwo, suka koma gida. Na tambayi batun sabuwar allurar nan ta fembrolizumab da Amurka ta amince da ita ga kansar kai da wuya tun 2016, likita ya ce a lokacin ba matakin Yaya ake ba wa ba, farashinta kuma ba na malamin makaranta ba ne.

Inda suka sake sakin hannunmu shi ne wajen gashi. Ana so a fara shi cikin mako shida bayan tiyata, kullum Litinin zuwa Juma'a har wajen mako shida, a irin halin Yaya tare da sisplatin. Kafin nan kuma sai likitan haƙori ya duba ya cire ruɓaɓɓu, wurin ya warke, domin cire haƙori bayan gashi na iya kashe ƙashin muƙamuƙi. Na'urorin ƙalilan ne a ƙasar nan, layi dogo ne, kuma yau wannan na aiki gobe ta tsaya. Takardar turawa kawai aka ba mu bayan an warware ɗinki, mu muka yi ta buga waya gari-gari har muka samu gurbi, da kyar muka shiga a kan lokaci. Idan naku ya kai nan, ranar da aka sa ranar tiyata ku karɓi takardar turawa, ku kai shi likitan haƙori, ku tura wani ya je ya rubuta sunansa a layin gashi, ya kuma nemo ɗakin haya kusa da asibitin tun kafin a shiga da shi ɗakin aiki.